Kwana Ukun da Na Ƙi Kiran Gida

Waziriyya, Jidda
Ranar Alhamis

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kai ka Dammam lami lafiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa ka fara wannan aiki a sa'a. Ummanka tana gaishe ka. Na san za ka yi dariya, gida ɗaya muke, bango ɗaya ya raba ɗakina da naka, amma ga Abuya, mahaifinka, yana rubuto gaisuwa kamar wanda ke Sakkwato. Yi dariyarka. Sunan mahaifina gare ka, shi ya sa tun kana ƙarami ban taɓa iya duban idonka in yi maka magana mai nauyi ba, da na fara sai in ga kamar tsohon nake yi wa rashin kunya. Don haka zan sa wannan a jakarka ƙarƙashin sallaya, ka buɗe bayan bas ta bar gari. Da Hausa na rubuta, duk da na san Larabci ya fi maka sauƙi. Ka bi ta a hankali yadda na koya maka, tafiyar tana da nisa, kana da lokaci.

Ranar Talata ka bar takardun kamfanin a kan firji. Ba bincike na yi ba, ido ne ya kai. Wurin da suka tambaya ko direba yana da wani ciwo da yake shan magani a kai, na ga ka sa alama a "babu". Abba, shekara guda kenan da likita ya ce kana da ciwon suga, kuma kullum da safe ina jin ƙarar 'yar na'urar awon nan taka ta bango. Da na taɓo maka maganar muna cin abinci, sai ka ce, "Halas, shi kenan Abuya, ai na ci gwajinsu, kar ka damu," ka miƙe ka bar rabin tuwonka. Na ga tsoron da ke idonka. Ka daɗe kana neman aiki, ka samu, kana gudun kada kalma ɗaya ta ƙwace maka shi. Ban ga laifinka ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da kake shirin yi ni na riga ka yin sa, kuma zan gaya maka inda ya kai ni.

Kai abin da ka taso kana ji shi ne wata shekara mota ta lalace mini a hanyar Rabig, na yi kwana uku ban dawo gida ba. Ƙarya ce, ni na ƙaga ta, Ummanka kuma ta rufa mini asiri ta riƙe ta shekara ashirin. A tsare nake a hannun askar, 'yan sandan ƙasar nan, bisa zargin na sha giya na tuƙa mota. In kana so ka ajiye takardar ka nisa, sannan ka ci gaba.

Lokacin kana shekara huɗu. Ina tuƙa dabbab, 'yar ƙaramar motar kayan nan, ina raba kwalayen turare a shaguna. Kafilina, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar nan a ƙarƙashin sunansa, mai turare ne a tsohuwar kasuwar Balad, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mini murya ba. A unguwa kuwa, idan ladanin ƙaramin masallacinmu ba ya nan ni ke kiran salla, har aka laƙaba mini Malam Ladan, sunan kuma ya shiga kaina fiye da yadda ya kamata. Ana haka likita ya ce ina da suga. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ja mini kunne kada in sha in zauna da yunwa, ya rubuta mini takarda ya ce ta zauna tare da iƙamata, katin izinin zamana, duk inda zan je. Takardar na cusa ta cikin wani tsohon littafi. Ƙwayoyin na ɓoye su a walat. Ban gaya wa kafilina ba, ban gaya wa Ummanka ba. A tunanina na lokacin, namiji mai iyali ba ya ciwo.

Wata Litinin na sha ƙwayar kafin asuba da kurɓin shayi, na ɗauki azumin nafila. Na yi lodi cikin zafin nan na Jidda da ka sani, wanda riga ke manne wa mutum a baya. Bayan azahar ina hanyar arewacin gari sai wani gumi mai sanyi ya karyo mini, hannuna ya fara rawa a kan sitiyari, titi ya koma biyu. Akwai dabino a gabana, Abba, cikin leda, miƙa hannu kawai zan yi. Na ƙi, don na riga na faɗa a masallaci cewa ina azumi. Azumin da ko na karya babu mai tambayata, Allah ya yi mini rangwame ni na ƙi yi wa kaina. Ban san lokacin da motar ta hau dakalin gefen titi ta daki turken fitila ba. 'Yan taku kaɗan daga wurin akwai wata mata da yara biyu suna jiran su tsallaka titi. 

To ka ji. Duk ranar da ka ji wannan gumin, ka sauka gefe, ka kashe mota, ka sa abu mai zaƙi a bakinka, ko da manaja ne yake ta kiran wayarka, ko da kayan da ka ɗauko za su makara. Motar da za a ba ka ta ninka dabbab ɗina nesa ba kusa ba, ita turken fitila ba zai tsayar da ita ba.

Kwali biyu da na ɗora a kujerar gefena suka fashe, kolonya, turaren ruwan nan mai barasa a ciki, ta jiƙa mini riga sharkaf. A wancan zamanin kowa ya san akwai 'yan iskan da ke shan kolonya in ba su sami giya ba. To dubi abin da askarin hanya ya zo ya tarar: mutum yana warin barasa, harshensa ya yi nauyi, ya fito yana tangaɗi. Ko ni ne a cikin kakinsa, abin da zan zata kenan. Saurayi ne, bai wuce shekarunka na yanzu ba. Ya riƙe ni kada in faɗi, ya ce, "Ya Hajji, ka sha wani abu ne?"

Ai sai na hau shi. Na ce, "Ni? Ni da nake kira wa mutane salla kake tambaya ko na sha?" Na ɗaga yatsa ina dungurinsa a ƙirji, ina surfa masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Da na ce masa ina da suga, da wataƙila asibiti zai kai ni kai tsaye, amma ita kaɗai ce maganar da ban faɗa ba. Ya kira abokin aikinsa suka sa mini ankwa.

Idan aka tsayar da kai, ka sani wanda ya zo bai san ka ba, bai san gidanku ba, da abin da idonsa ya gani da abin da hancinsa ya shaƙa zai yi aiki. Ka bar hannuwanka inda yake ganinsu. Ka ba shi iƙama da lasin da takardun mota ba gardama, kuma kafin komai ka ce kana da suga, ga takardar likita, kana buƙatar abu mai zaƙi. Ko da wasa kada hannunka ya taɓa jikinsa. In ya ce zai tafi da kai, kana da haƙƙin a gaya maka dalili, doka ce ta ba ka, ba alfarma ba ce. Ka tambaya da murya ƙasa-ƙasa, ka riƙe amsar a ranka, ka riƙe lokacin da aka kama ka da sunan wurin da aka kai ka. Ba wai irin na fina-finan nan da kake yini kallo a waya ba, inda mutum ke harɗe ƙafa yana yi wa masu kaki gatsine. Kai baƙo ne a takarda, ko da yake a Waziriyya aka haife ka.

A cikin motarsu, askarin nan da na zaga ya ga gumin da nake yi, ya miƙo mini kwalin ruwan mangwaro. Na shanye ban ma tuna da azumi ba. Kafin mu isa ofis kaina ya washe tas. Na faɗa maka wannan ne don kada ka ɗora wa suga abin da ya biyo baya. Sauran wautar duk da hankalina na tafka ta.

Babbansu, wani mai taurari a kafaɗa, ya ce a kai ni asibiti a ɗebi jinina a gwada. Na ce ban yarda ba. Ka san dalili? Da wuya ka shiga babban asibiti a garin nan ba ka tarar da mutanenmu suna shara da goge-goge ba. Na hango kaina da ankwa a layin gwajin giya, wata Hajja ta unguwar Sa'alaba tana riƙe da tsintsiya tana kallona, kafin magariba labari ya kai Waziriyya cewa an kama Malam Ladan a buge. Mutumin ya ce, "Ya Hajji, in ba ka sha ba, wannan gwajin shi ne mai fitar da kai." Na ce jinina ya fi ƙarfin a yi masa wannan tambaya. Ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta cewa na ƙi. An ce girman kai rawanin tsiya, to ni ranar na naɗa nawa har da kunnuwa biyu.

Kai kada ka jira su ce. Kai za ka fara roƙon a gwada ka, a ba ka abin hurawar nan ka hura, a kai ka asibiti a ɗebi jini, a auna suga a lokaci guda, kuma ka roƙi a rubuta ƙarfe nawa aka yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda bai sha ba, gwajin sa'ar farko shi ne babban mashaidinsa, in kwana ya shiga tsakani ko an gwada an ga babu, za a ce ai ta riga ta bar jikinsa. Ƙin yarda kuwa, duk wanda ya karanta shi a takarda abu ɗaya zai fahimta.

Da aka zo ɗaukar bayanina, suka ce ko a kira mini tafinta. Na ƙi. Tafinta Bahaushe ne, Bahaushe yana da mata, matar tana da maƙwabta. Ban da haka ina taƙama da Larabcina, shekara da shekaru ina ciniki da shi a Balad. Ashe Larabcin sayar da turare daban, na takarda daban. Sai kuma na yi abin da aka rene mu a kai. A gidanmu idan babba ya yi fushi ba a tsayawa bayani, durƙusawa ake yi a ce an tuba, magana ta wuce. Na tuna dungurin da na yi wa askarin, kunya ta kama ni, na shiga cewa, "Na yi kuskure, laifina ne, ku yafe mini, ba zan sake ba." Fatana su ji tausayi su sallame ni kafin magariba. Mai rubutu kuwa yana ta rubutawa, don aikinsa kenan. Da ya gama ya fara karanta mini, bai kai layi uku ba na ce halas, kawo. Na dangwala yatsa a tawada na danna a ƙasan kowane shafi, har ina yi masa godiya. Aka shigar da ni ɗakin tsaro, inda waɗanda na tarar suka shaƙi rigata suka sa mini suna Hajji Kolonya, kuma duk da haka ni suka tura gaba in ja musu salla.

Abba, a ofishin bincike ba a ba da haƙuri irin na gida. Duk abin da ya fito daga bakinka zama yake yi a takarda, takardar kuma za ta je gaban mutumin da bai ga fuskarka ba lokacin da kake faɗa. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa, a taƙaice, kuma gaskiya. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, kada ka cike gurbi don ka faranta wa mai tambaya. Larabcinka ya fi nawa, a nan ka yi makaranta, har gyara mini magana kake yi a gaban baƙi, ja'iri, amma duk da haka kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta da idonka tun daga farko har ƙarshe ba. In an rubuta abin da ba haka ka faɗa ba, ka ce a gyara, ka jira a gyara. In an bar maganar suga a waje, ka ce a saka. Babu wanda doka ta ba shi damar ya doke ka ko ya tsorata ka don ka amsa laifi, in kuwa hakan ta faru ka faɗa wa mai bincike na gaba, ka ce a rubuta. Kana da damar neman lauya tun ana bincike, ba sai an je gaban alƙali ba. Ba daga kaina na ƙago waɗannan ba. Bayan abin ya wuce na zauna da wani lauya da muke haɗuwa a sahu, na yi ta yi masa tambayoyi, kuma makon jiya na sake komawa wurinsa saboda kai, ya ce har yanzu haka abin yake. Lambarsa tana bayan wannan takarda.

Tunda zaman kamfani za ka yi, za ka haɗu da mutane iri-iri. Kada ka karɓi ajiyar kwalba ko ƙunshin da ba ka san cikinsa ba, kuma kada ka karɓi sitiyari daga wanda ya yi karo don ka rufa masa asiri, komai daɗin zamanku. In ka ga ɗan'uwanmu sabon zuwa ya shiga hannu, ka gaya masa ya nemi tafinta, kada ya yi irin tawa.

Washegari aka kai ni gaban mai bincike, don ba a barin mutum a hannun askar haka kawai, dole a miƙa shi gaba cikin kwana guda. Dattijo ne mai furfura a gemu. Ya karanta takardar tawa a fili, a hankali. Ga mutum an same shi yana warin barasa yana tangaɗi, ya taɓa jami'i, ya ƙi gwaji, ya ce laifinsa ne ba zai sake ba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma duk ni na ba su da bakina. Ya zazzage ambulan ɗin da aka zuba kayan aljihuna, ya buɗe walat, ya zaro katin ƙwayoyin. Ya ce, "Wannan na mene ne?" Wallahi Abba, ko a nan sai da na ce na ciwon kai ne. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Na daɗe ina saya wa mahaifiyata irinsa. Ya Hajji, mutane suna zuwa nan suna ƙarya don su fita, kai kana ƙarya don ka zauna?" A nan na fashe da kuka, ƙato da ni, na faɗi komai.

Ya tura ni asibiti ranar Laraba, ya sa aka nemo fayil ɗina daga wurin likitana. Gwajin giya lokacinsa ya wuce, sai na suga da rubutun likita ne suka tsaya mini. Ina zaune a benci da ankwa, sai ga wata Hajja ta Sa'alaba da bokitinta, ƙawar kakarka ta wajen uwa. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, "Sannu Malam. Matarka Batulu ta san kana nan?" Na ce a'a. Ta ajiye bokitin ta fita. Ita ta kai wa Ummanka labari, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin maganar a bakin kowa ba. Mutanen da na yi ta gudu kenan. Allah ya jiƙanta.

Ranar Alhamis ƙanin kafilina ya zo ya tsaya mini aka sake ni. An janye zargin giya, amma sai da na je na nemi afuwar askarin nan a gaban babbansa, wannan karon na san abin da nake ba da haƙuri a kai. Sa'a na yi na gamu da mai binciken da ya buɗe walat. Ba kowa zai buɗe ba, kuma ba dole ba ne a kansa. Kafilina yana ƙasar waje sayen itacen turare lokacin. Da ya dawo ya ji, ya kira ni bayan shago ya ce, "Da ka gaya mini tun farko, da na tsara maka aikin yadda ba za ka wahala ba. Yanzu in na ba ka mukulli, zan riƙa tunanin me kuma ka ɓoye." Bai wulaƙanta ni ba, amma ban sake tuƙa masa mota ba. Abin da ya sa ka taso ka gan ni ina gadi a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanonin nan ta Jidda, kenan.

Don haka ranar Lahadi, kafin su ba ka mukulli, ka shiga ofis ka ce akwai gyara a takardarka. Ka kai musu rahoton likita, wanda ya nuna kana shan magani kuma sugan yana zaune. Na sa an rufe maka kwafi ɗaya da leda, ka ajiye shi tare da iƙamarka. Ba zan yi maka ƙarya ba, mai yiwuwa su ce ka tafi. Mai yiwuwa kuma su ba ka gajerun hanyoyi, ko su bar ka yadda kake, na san direbobi masu suga da ke aiki da sanin iyayen gidansu. In sun sallame ka, ka hau bas ka dawo, ɗakinka yana nan, tuwo yana nan, babu mai yi maka gori a gidan nan. Amma in ka bar "babu" ɗin nan a fayil ɗinsu, ranar da tsautsayi ya gitta ka ce wa askar kana da suga, takardar da ka sa wa hannu da kanka ita za ta fara ƙaryata ka.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Tun ranar farko, da aka gama ɗaukar bayanina, babban nasu ya turo mini waya a kan tebur ya ce, "Kira mutanen gidanka, haƙƙinka ne." Na ture ta. Washegari mai binciken ma ya yi mini tayi, bayan na gama kukan nan, na ce a bari sai na fita. Tunanina shi ne gobe za a sake ni, in shiga gida in ce mota ce ta lalace, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ina can ina gadin mutuncina, ban tsaya na yi tunanin mai jira ba. Da na dawo Ummanka ba ta yi faɗa ba. Ta kai mini ruwan wanka, ta kawo abinci, ta ce alhamdu lillahi. Ni kuma na ɗauka maganar ta ƙare a nan.

Yau bayan azahar na karanta mata abin da na rubuta zuwa nan, tana ninke maka kaya. Ta saurara har na kai ƙarshe. Sai ta ce, "Malam, ka rubuta naka. Nawa fa?" Na ce wane naki? Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta ce ta san da ƙwayoyin tun makon farko, ita ke zazzage mini aljihu in za ta yi wanki, ta yi shiru ne tana jira in faɗa da kaina. Shi ya sa da ban dawo ba, ba abin da ya zo ranta sai cewa na faɗi a wani wuri. Ta bar ka wajen maƙwabta, ta ɗauki Kawunka Usman, suka tambaya a ofishin askar na kusa da mu aka ce babu sunana, gaskiyarsu, ina can arewacin gari. Sai suka shiga bin asibitoci. In an duba gadaje ba a gan ni ba, sai a ce su sauka bene zuwa ɗakin ajiye gawa, akwai baƙaƙen fata da aka kawo babu takarda a jikinsu. Kawunka ya shiga na farko, ya fito yana amai ya ce ba zai iya ba. Ita ta riƙa shiga.

Ta ce, "Mutum biyar na buɗe wa fuska, Malam. Kowane kafin in ɗaga mayafin sai na yi maka addu'ar mamaci. In na ga ba kai ba ne in yi hamdala, sannan in ji kunyar hamdalar, don shi ma mijin wata ne."

Na ce don me ba ki taɓa gaya mini ba? Ta ce, "Ka dawo kunyarka ta ishe ka, ina zan ƙara maka?" Ta ɗauki rigar ta ci gaba da ninkewa.

Shekara ashirin muna ɗaki ɗaya, sai yau na ji. Ranar nan a ofishin askar waya tana gabana a kan tebur, Abba, minti ɗaya ya isa.

Saboda haka ga roƙona, kuma roƙo ne ba umarni ba. Duk ranar da aka tsare ka, a Dammam ne ko a wani ƙauye a tsakiyar hanya, ka nemi kiran da doka ta ba ka, ka kira gida kafin ka fara tunanin me za a ce. Ka haddace lambata da ta Ummanka da ka, don za su karɓe wayarka. Kuma bari in faɗi wadda ban taɓa zaton bakina zai faɗa ba. Na yi maka tarbiyya iyakar iyawata, ina kyautata maka zato, ina kuma roƙon Allah kada ya haɗa ka da kwalba har ka koma gare shi. Wanda ya sha ya hau titi ya ɗauki rayukan mutane ya yi wasa da su, hukuncinsa a ƙasar nan mai tsanani ne, ni kuma ba zan ce ba ka yi ba in ka yi. Amma ko da gaskiya ne, Abba, ko da ka sha ɗin ne, ka kira ni. Zan ji zafi, zan yi kuka, wataƙila in kasa yi maka magana a ranar farko. Amma zan hau mota in zo, in nemo lauya, in zauna a ƙofar ofishin da rana tsaka, duk wanda ya san ni ya tambaya in ce masa ɗana ne a ciki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na gwammace in zo in same ka da ankwa da in ga uwarka ta sake sauka wancan benen.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya daidaita maka jininka, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci, ya sa duk motar da ka tayar ka kashe ta da hannunka lafiya. Mun yafe maka duniya da lahira, ni da Ummanka, kai ma ka yafe mana. In ka sauka ka kira, tana jira.

Wassalam,
Mahaifinka